Jak Biyu a Hannu: Nasiha ga Matasa Masu Shiga Gasar Poka

'Yan'uwana matasa da kuka ɗauki gasar poka da muhimmanci, akwai hannu guda da nake so mu yi magana a kansa, wato Jak biyu. Mutum ya leƙa katinsa ya ga J da J, tun bai ga abin da sauran za su yi ba har ya fara lissafin tsabar da zai kwasa, wato 'yan kwabban wasa da ake zubawa a madadin kuɗi. Daga nan ɓarna take farawa.

Ban ce hannun banza ba ne. A Texas Hold'em, wato nau'in poka da ake ba kowa kati biyu sannan a buɗe biyar na kowa da kowa a tsakiyar tebur, A biyu da K biyu da Q biyu kaɗai ne tagwayen da suka fi shi, kuma sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. Wannan ƙarancin ne ma ke sa a ƙwallafa rai a kansa. Ka daɗe kana zubar da tarkace, yau ga masu hoto biyu sun zo, sai ka ji kamar haƙƙinka ne ka ci. To, kati bai san ka jira ba.

Ku zauna ku yi lissafin da kanku. Bayan naka biyun, saura kati 50, kuma 12 daga ciki sun fi Jak: A huɗu, K huɗu, Q huɗu. Idan aka buɗe ukun farko a tsakiyar tebur, kusan kashi 57 cikin 100 na lokuta za ka ga aƙalla ɗaya daga cikinsu ya fito. Idan aka buɗe har kati na biyar, abin ya kai kashi 76. Shi kuwa Jak na uku da kake fata, kusan kashi 12 ne kawai yake zuwa a buɗin farko. Ke nan mafi yawan lokuta hannun da ka shigo da shi kana taƙama zai koma matsakaici a gaban idonka, kuma dole ka ci gaba da yanke shawara a haka.

Wasu tsoron wannan ne yake sa su tura duk tsabarsu tun kafin a buɗe komai, alhali suna da tari mai yawa, don kawai su huta da tunani. Ɗan'uwa, ka tambayi kanka: wa zai bi ka? Mai 8 biyu zai janye, mai K da 10 zai janye. Waɗanda ka fi ƙarfi duk ka kore su, ka bar waɗanda suka fi ka. Wasu kuma akasin haka suke yi, su lallaɓa su shiga ba tare da sun ɗaga yawan tsabar da ake zubawa ba, sai mutum huɗu ko biyar su biyo su da araha, kowa riƙe da A ko K ɗinsa. Idan babu wanda ya ɗaga kafin ka, ka ɗaga kamar yadda ka saba da kowane hannu mai kyau, ka rage masu binka zuwa ɗaya ko biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne taurin kai. Ka ɗaga, wani ya ƙara a kanka, ka sake ƙarawa, ya tura duka. Idan mutumin nan ya shafe awanni bai motsa ba sai yanzu, me kake zaton yana riƙe da shi? A ce A biyu ne, ko K biyu, ko Q biyu, ko A da K. Tagwayen nan uku suna haɗuwa ta hanyoyi 18, kuma a gabansu rabonka bai wuce kashi 20 ba. A da K na haɗuwa ta hanyoyi 16, a nan kana gaba da ɗan kaɗan, tsakanin kashi 54 zuwa 57. Idan ka haɗa duka, rabonka kusan kashi 36 ne. Amma a lokacin zuciya ba ta tuna 18 ɗin nan, sai ta riƙa raɗa maka cewa ai A da K ne. Kallon kitse kake yi wa rogo. Haka nan idan A ya fito a tsakiya, mutum biyu suna zuba tsaba ba ƙaƙƙautawa, ka zubar da Jak ɗinka. Ba ragwanci ba ne, ko da wani ya yi maka dariya.

Na san za ku kawo mini Daniel Weinman. Gaskiya ne, a babbar gasar poka ta duniya, wato WSOP, ta 2023 a Las Vegas, wadda aka yi shiga 10,043, ya tsinci kansa da Jak biyu a gaban mai K biyu da mai Q biyu, Jak ya fito a kati na huɗu, ya tsira, daga baya ya lashe dala miliyan 12.1. Ana yawan nuna hannun ne saboda irinsa ba ya yawan faruwa. Waɗanda suka shiga irin wannan ramin suka tashi daga kujera babu wanda ya riƙe sunansu.

Kuma tunda maganar ta zo nan, kada ku manta cewa caca ce. A yawancin gasa, wajen kashi 15 na mahalarta ne kawai ke samun wani abu, sauran su tafi hannu rabbana, har da ƙwararru. Wanda ya shiga da kuɗin bashi ko na iyalinsa ba zai iya zubar da Jak biyu lokacin da ya kamata ba, domin ba kati yake gani ba, mafita yake nema. Idan ka ga kanka a haka, ka tashi daga teburin gaba ɗaya.

A gasa, yawan tsabarka ne ke faɗa maka darajar hannun. Idan abin da ya rage maka bai wuce ninki 15 na babban zubin dole ba, wato tsabar da ake tilasta wa ɗan wasa zubawa kafin rabo idan layi ya zo kansa, Jak biyu hannun turawa ne, kada ka tsaya jan ƙafa, don da wuya ka samu wanda ya fi shi kafin zubin dole ya cinye ka. Idan kana da ninki 60 ko 100, ka yi ƙoƙarin riƙe tukunyar, wato tsabar da aka tara a tsakiya, daidai wa daida, musamman idan kai ne za ka fara magana bayan kowane buɗi. Sai kuma lokacin da aka zo gab da shiga kuɗi, wato matakin da waɗanda suka rage ke fara samun lada, ko a teburin ƙarshe inda kowane mataki ke ƙara lada: tsabar da za ka rasa ta fi wadda za ka ci daraja, domin wanda ya ninka tsabarsa bai ninka ladansa ba, amma wanda tasa ta ƙare ya fita ke nan. A irin wannan wuri, idan mai tari babba ya tura duka a kanka, ga kuma wasu biyu da tsabarsu ta kusa ƙarewa, ka duba nasu tarin da kyau kafin ka sake duba katinka.