Wa ke ƙirga ruwan da ya iso famfo a Sakkwato?

Ɗan ga-ruwan da ke kawo muna ruwa gida ya fi manyan ma'aikatu da yawa sanin mi ake nufi da ba da bayani, kuma ba don ya fi su tsoron Allah ba ne, a'a, ya dai san in ya kawo jarka ruwanta ya yi ja ko shina wari to uwargida za ta ce mai maida kayanka, gobe kuma ta kira wani. Jarka nawa ke cikin kurarshi kowa na gani, nawa ya ce a biya kowa ya ji, in bazara ta yi ya ƙara kuɗi sai an yi ciniki da shi a bakin ƙofa ya faɗi dalili, ko layi ne ya yi tsawo a bohol ko mai bohol ɗin ne ya ce man janareto ya tashi. Kana iya yarda kana iya ƙi, amma dai ka ji.

To hukumar ruwa ta jiha fa, wadda kowa ke kira wotabod, wa take tsayawa gabanshi ta yi irin wanga bayani?

In ka duba yadda anka gina ta za ka ga inda gizo ke saƙa. Gwamnati ce mai ita. Gwamna ke naɗa janar manaja, ma'aikatar albarkatun ruwa ke sa mata ido, gwamnati ke ba da kuɗin alif da kulorin da man gas, ita ke da ta cewa kan nawa za a caji mutane, kuma ita dai ce ke fitowa ta gaya muna ko aikin na tafiya daidai. Ɗalibi ne ya tsara tambayoyi, ya amsa, ya ba kanshi maki, ya kuma kira taron ba da kyauta. Ko waliyyi ka sa a irin wanga tsari wata rana sai ya yi gyangyaɗi, balle ɗan Adam mai iyali da 'yan siyasa a bayanshi. Ni ba na zargin kowa da ɗaukar ko kwabo, abin da nake cewa shi ne ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba, mu masu famfo ba mu da hanyar sani.

Kuma ba wai garin ba shi da ruwa ba ne. Tun kafa shi a 1809 kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato yake zaune. Ga dam ɗin Goronyo da anka kammala a 1984, wanda anka gina don ya riƙe ruwa mita kubik miliyan 942. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Sai dai guga ɗin nan hannuwa da yawa ke riƙe da igiyarshi, kuma nan ne jifan juna da laifi ke samun wurin zama. Dam ɗin na gwamnatin tarayya ne, hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ke kula da shi, wutar da injina ke sha daga kamfanin Kaduna Electric take zuwa, tace ruwa da turo shi kuma aikin jiha ne. A 2018 ruwan Goronyo ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin 100, wannan gaskiya ne kowa ya gani a labarai, kuma rashin wuta ma ba ƙarya ba ne, duk muna cikinshi. Amma uzuri na gaskiya ma shina buƙatar lissafi. In an ce ba wuta, awa nawa anka yi babu, lita nawa na gas anka saya don cike gurbin, injin nawa ke aiki nawa sunka kwanta? In ba a faɗi wanga ba, to "ba wuta" ta zama bargo ke nan, komi ana iya rufewa da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne mun saba da auna aikin ruwa da ranar ƙaddamarwa. Gwamnatin Ahmed Aliyu ta ɗauko ayyukan ruwa na Tamaje da Gagi da Mana da Runjin Sambo da tsohon filin jirgi waɗanda anka faro tun zamanin gwamna Wamakko sunka daɗe a tsaye, kuma duk mai adalci zai ce gara da anka ɗauko su da a bar su suna tsatsa. Amma ranar ƙaddamarwa ai kowane famfo na zuba, akwai gas a tanki, akwai manyan baƙi, akwai kyamara. Ni ranar da nake son a nuna min ita ce wata Talata a tsakiyar Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba baƙo ba maroƙi, galan nawa tashar ta fitar a ranar, kuma nawa ya isa gidajen Mabera da Minanata da Gidan Igwai, nawa ya tsiyaye a hanya. Ƙarfin inji da ake rubutawa a takarda daban, ruwan da ya shiga randa daban.

Wani zai ce ai akwai odita. Akwai, amma mutane da yawa ba su san kundin tsarin mulki na 1999 da kanshi ya rage mai tsawon hannu ba. Sashe na 125 ya ce babban oditan jiha ba shi ke binciken asusun hukumomin da doka ta kafa kai tsaye ba, abin da zai yi shi ne ya ba su sunayen ƙwararrun masu binciken kuɗi su zaɓa daga ciki, ya yi tsokaci kan rahoton da anka fitar, kuma shina da ikon ya riƙa leƙawa lokaci zuwa lokaci. Ka ga ke nan hukuma ce ke zaɓen wanda zai bincike ta. Kuma ko binciken ya yi kyau, kuɗi yake bi, ba ruwa ba. Shina iya tabbatar maka an sayi alif rasit ya cika, ba zai gaya maka ko alif ɗin ya shiga ruwa ba.

Wanda ke da cikakken iko a nan majalisar dokoki ce. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta damar ta binciki duk ma'aikatar da ta ware wa kuɗi, ta kira kowa ya zo da takardu, don a bankaɗo almundahana ko sakaci ko ɓarnar dukiya. Mambobi 30 gare mu. Sai dai kai da ni mun san yadda siyasarmu take, ɗan majalisa ya fi son ya haƙa bohol a mazaɓarshi a rubuta sunanshi jikin tanki da ya zauna awa uku shina tambayar injiniya lissafin bututu, don bohol ana ɗaukar hoto da shi, tambaya kuwa sai ta jawo a ce yana yi wa gwamnati zagon ƙasa. Haka garin ya cika da bohol, kowa na zuƙar ƙasa ta gefenshi, babbar hanyar ruwan da ta kamata ta haɗa mu duka kuma tana lalacewa ba mai tambaya.

Ga kuma maganar lafiya wadda ita ce ba a cika yi ba. Bututun da ya tsufa ya bi ta cikin kwata, muddin akwai ruwa da ƙarfi a cikinshi to waje yake fesarwa, amma da an ɗauke ruwa ya zama fanko sai ya koma shan abin da ke kewaye da shi, ranar da anka sako ruwa kuma wannan ƙazantar ita ke fara isowa gida. Shi ya sa ruwan da ke zuwa jefi-jefi ya fi haɗari, kuma wanda ya ga amai da gudawa na 2021 ba sai an yi mai dogon bayani ba. Najeriya na da ma'aunin ingancin ruwan sha wanda hukumar SON mai tsara ma'aunin ingancin kaya ta fitar a 2007 anka sabunta a 2015. Mai ƙaramin kamfanin piya wata sai ya nemi lambar NAFDAC kafin ya sayar da leda guda, to ruwan da ke shiga gidaje dubbai wa ke gwada shi daga waje? Ga jami'ar Ɗanfodiyo a bakin gulbi da ɗakunan gwaji da malamai, mi zai hana a ba su aikin ɗibar ruwa daga famfunan unguwanni duk wata, su karanta sakamako a gidan rediyon Rima kowa ya ji, ba sai ya bi ta teburin wanda ake gwadawa ba?

Na san abin da ma'aikatan ruwa za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Mutane ba su biyan kuɗin ruwa. Mafi yawan gidaje ba mita, wasu sun ja layi da dare ba izini, masu hali sun sa injin tsotso sun hana maƙwabcin da ke ƙarshen layi ko ɗigo. Duk haka ne, mu ma da namu laifin. Amma mutumin da ke fitar da kuɗi kullum safiya ya ba ɗan ga-ruwa ba za ka ce mai ba shi son biya ba, bai son biyan iska ne. Dubi wutar lantarki duk da korafin da muke yi a kanta, tun da hukumar NERC mai sa ido kan wuta ta ce 'yan rukunin A, wato masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, su samu awa 20 a rana, aƙalla mutum na da adadin da zai riƙe ya yi gardama da shi. A ruwa ko wanga babu. Legas ta kafa hukuma daban mai sa ido kan harkar ruwa, ba ina cewa famfunan Legas sun wadata ba, amma dai an raba mai wasa da alƙali. Masu cewa a sayar da hukumar ga 'yan kasuwa kuma ba na tare da su, don wanda ya kasa sa ido kan ma'aikacin da yake biya albashi ban ga yadda zai iya da attajiri mai lauyoyi ba.

Dokar 'yancin samun bayanai tana nan tun 2011, 'yan jarida da ƙungiyoyinmu su daina jiran sanarwar manema labarai su rubuta su tambaya. Kuma duk shekara ai shugabannin hukumar na zuwa gaban kwamitin majalisa kare kasafin kuɗi. Bana in sunka zo, kafin a shiga maganar sabon kwangila da sabbin motoci, ina son ɗan majalisa ko guda ɗaya ya ɗaga hannu ya ce ranka ya daɗe, a watan Afrilun da ya wuce kwana nawa ruwa ya zo Rijiyar Ɗorowa, kuma ina takardar da anka rubuta shi.