Gara ce ta sa na sayi na'urar karatu

Shekara uku da suka wuce, bayan damina ta ɗauke, na jawo kwalaye biyu na littattafai daga ƙarƙashin gado don in shanya su. Na farko lafiya lau. Na biyu kuwa, bangon littattafan ne kawai ya rage, ciki duk ya koma ƙasa. Gara ta yi shagalinta tun daga Yuli ba tare da na ji ko motsi ba. A cikinsu akwai waɗanda na tara tun ina ɗalibi a Zariya, da kuɗin da ya kamata in ci abinci da su. Ranar na ɗauki alwashin neman wannan na'ura da ake cewa tana ɗaukar dubban littattafai. Tun daga lokacin 'yan uwa da abokai ke tambayata wacce za su saya, don haka ga amsata gaba ɗaya, mai haƙurin karatu ya karanta.

Da farko a gane cewa wannan abu daban yake da waya ko kwamfutar hannu. Allonta na tawadar lantarki ne: ƙananan ƙwayoyi ne farare da baƙaƙe a cikin ruwa, lantarki ya turo baƙaƙen sama inda harafi yake, su tsaya a nan. Ba ta shan wuta sai za ka juya shafi ko ka kunna fitilarta. Shi ya sa caji ɗaya ke kai mutum makonni. Fasahar ta fito ne daga jami'ar MIT a Amurka, Sony ta fara sayar da irin na'urar a Japan a 2004, sannan Amazon ta fito da Kindle a Nuwamban 2007 a kan dala 399. Yanzu akwai Kobo, akwai PocketBook, akwai Boox mai tafiya da manhajar Android.

A ƙasar da ake ɗauke wuta kwana biyu ba a ba ka haƙuri ba, wannan batir kaɗai ya isa hujja. Ina karatu a tsakar gida da rana tsaka, haske bai hana ni gani, don kamar takarda take, rana ƙara mata kyau take yi. Da dare kuma fitilarta shafin take haskawa, ba idona take soka ba. Babanmu da ya daina karatu saboda ƙananan haruffa, da na ƙara masa girman rubutu sai ya riƙe ta har bayan la'asar, sai da na yi dabara na karɓo. Babban alherinta a wurina shi ne wautarta: ba WhatsApp, ba Facebook, ba wanda zai turo maka sanarwar ɗaurin aure kana tsakiyar babi. Duk wanda ya ce yana karanta littafi a waya na awa biyu ba tare da ya leƙa wani wuri ba, to, Allah ya ƙara masa, ni dai ban kai nan ba.

Amma ga inda masu talla ba sa tsayawa, kuma a nan ne yawancinmu za mu yi asarar kuɗi. Kafin ka tambayi wacce za ka saya, buɗe wayarka ka duba irin littattafan da ka tara. Na tabbata mafi yawansu PDF ne, kuma da yawa hoton shafuka ne aka ɗauka, musamman littattafan addini na Larabci bugun Misira ko Beirut, da takardun makaranta. Na'urar karatu an yi ta ne don fayil irin EPUB, wanda rubutunsa ke bin girman allo kamar ruwa a ƙwarya: ka ƙara girma, layuka su sake jeruwa da kansu. PDF kuwa a daskare yake. Shafin babban littafi mai matani a sama da sharhi a ƙasa, ka matse shi a allo mai inci 6, sai ka ga haruffa kamar ƙwan kiyashi. Ka ce za ka buɗa shi, allon ya yi ta ƙiftawa yana jan ƙafa, don tawadar lantarki ba ta da saurin waya. Ni kaina wata guda na yi ina wannan fama kafin na haƙura. In irin karatunka ke nan, ko dai ka nemi mai inci 10, wadda kuɗinta ya ninka, ko ka ci gaba da kwamfutar hannunka, ba wanda zai zarge ka.

Masu karanta ƙagaggun labarai na Hausa su ma su sani: ba za ka shiga shagon Kindle ka tarar da marubutanmu jere kamar a rumfunan Sabon Gari ba. Abin da ke yawo a WhatsApp da Wattpad sai ka juya shi da kanka a kwamfuta, da manhaja irin Calibre, wadda kyauta ce. Sannan ka gwada haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Wasu salon rubutu ba su da su, sai ka ga harafin ya fito daban a tsakiyar kalma kamar baƙon da ba a gayyata ba. Maganinsa ka canja salo ko ka zuba naka, Kindle da Kobo duk suna karɓa. Kuma don Allah, in marubuciya ta sa kuɗi a littafinta, a biya ta. Na'ura ba ta halatta haƙƙin mutane.

Sai batun mallaka, wanda ya fi damuna. Littafin da ka saya a shagon intanet, izinin karantawa ka saya, yawanci a kulle da sunanka. A 2009 Amazon ta shiga na'urorin mutane daga nesa ta goge littattafan da suka riga suka biya, ta mayar musu da kuɗinsu, saboda rikicin haƙƙin bugawa. A 2019 Microsoft ta rufe shagon littattafanta, abin da mutane suka saya ya daina buɗuwa. A Fabrairun 2025 kuma Amazon ta cire damar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta don ka ajiye kwafinka. To ni da na gudu daga gara, sai na tarar a can ma akwai mai cin littafi, sai dai shi wannan yana da lauyoyi. Saboda haka na fi karkata ga na'urar da ke buɗe EPUB kai tsaye, in jona ta da kwamfuta in zuba abin da nake so, in kuma ajiye kwafi a wani wuri.

Littafin takarda fa? Ban bar shi ba, ba ni da niyya. Wanda ya yi karatun zaure ya san abin da nake nufi. Littafin da ka ɗauka gaban malam, ka rubuta fassara da ajami a tsakanin layuka, ka san mas'ala kaza tana shafin dama can ƙasa, kusa da inda shayi ya taɓa zuba. Hannu ma yana da tasa haddar. A na'ura kowane shafi kamannin ɗan uwansa gare shi, in ka canja girman rubutu komai ya tashi daga mazauninsa. Tana da bincike, gaskiya ne, ka rubuta kalma ta kawo maka ita nan take, amma sai ka tuna kalmar tukuna. Ga kuma aro. Rabin abin da na karanta ina yaro na aro ne, wani ma har yau ban mayar ba, Allah ya yafe mini. Littafin da ke kulle a asusunka ba za ka miƙa wa ƙanenka ba sai ka haɗa masa da na'urar, kuma ban san yadda za a raba shi a gado ba.

Yanzu dai haka na raba su. Labarai, tarihin rayuwar mutane, duk abin da zan karanta sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, na na'ura ne. Wanda zan yi ta komawa gare shi, ina ja masa layi, takarda nake saya ko da ya fi tsada.

In ka yanke shawarar saye, nemi mai fitila a ciki, mai kaifin rubutu ɗigo 300 a kowane inci. Mai launi ba dole ba ce, allonta ya fi duhu kaɗan kuma ta fi tsada, sai in zane-zane kake karantawa. Kada yawan ma'aji ya ruɗe ka, littafin zalla rubutu bai fi hoto ɗaya ko biyu na waya nauyi ba. In ta hannu ce, ka duba batir, ka ɗaga allon a haske ka ga ko akwai tabon da ba ya gogewa, ka kuma tabbatar mai ita ya cire asusunsa. Tawa ta farko da na saya a wurin wani mai kayan waya, kwana huɗu cajinta ke yi, da na koma ya ce ai shi ma haka ya saye ta. Ka haɗa da riga, domin gilashin da ke ƙarƙashin allon siriri ne, zama ɗaya a kanta cikin a-daidaita-sahu ya isa.

Kwalin da ya tsira kuwa yana kan kanta yanzu, nesa da bango, kuma duk ƙarshen wata sai na sauke shi na kaɗe.