Ni da zoben daimon ɗin Hajiya

Ranar da aka raba gadon Hajiyarmu, Allah ya jiƙanta da rahama, kowa ya tashi da abin da zai amfane shi, ni kuwa na tashi da zobe. Yaya Babba ya ɗauki fili a bayan Ƙofar Ƙaura, ƙannena mata suka raba sarƙoƙi da awarwaro da firji, da aka zo kaina malamin da ke rabon ya ce saura wannan zoben da aka yi wa ƙima mai tsoka, ko in karɓe shi cikin rabona ko a sayar a raba kuɗin. Kawu ne ya yi ƙimar. Shi kuwa Kawu duk iliminsa na daimon a fim ɗin Indiya ya samo shi, inda za ka ga an kashe mutum goma kan dutse ɗaya. Ya jawo ni gefe ya ce, "Kai yaro, mi kake jira? Wanga abu mota ne a yatsa." Na ce na karɓa.

A Jidda Hajiya ta saye shi wata shekara da ta je aikin hajji, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ta ce a yi a hankali, wannan ba gilas ba ne. Gwal ne da ɗan farin dutse a tsakiya. Rasit dai babu, Hajiya ba ta ajiye takarda sai ta fili.

Matsalar farko tun a zaure ta same ni, ina gwada shi a ɗan ƙaramin yatsa malam ya yi gyaran murya ya ce gwal haramun ne ga namiji. Shikenan, na gaji abin da ba ni da ikon sawa. Ta biyu kuma labari ya riga ni isa gida. Kafin magariba unguwa duk ta san na gaji daimon, mai shagon da nake bin layin bashi wajensa ya fara ce mini ranka ya daɗe, wani abokina da rabona da shi tun sakandare ya kira wai yana da harkar taki, jari kawai ya rage. Matata Maman Ummi kuwa ba ta ce komai ba, sai dai na ga ta ɗauko biro tana rubutu a bayan kalanda, da na leƙa na ga Umara, na ga kujeru, na ga sola.

Na nufi wajen 'yan gwal a babbar kasuwa, na sa zoben cikin safa, safar cikin aljihun ciki, ina tafe ina dafe ƙirji har mai Napep ya tambaye ni ko asibiti za mu. Alhajin da na samu ko kallon dutsen bai yi ba. Ya goga gindin zoben a ɗan baƙin dutsensu, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce gwal ɗin ɗan lamba 18 ne, ya jefa a sikeli ya ce giram 4 da 'yan kai, sannan ya ce, "Sai mun cire nauyin dutse." Na ce Alhaji wane dutse, daimon ne fa. Ya ce, "Malam ko mi ne ne, mu nan gwal muke saye. In kana so in ɓamɓare maka shi ka tafi da abinka." Wato abin da Kawu ya kira mota, a wajen Alhaji datti ne da ke ɓata masa awo. Kuma in ka duba da gaskiyarsa, gwal kullum yana da farashi a kasuwar duniya, ko ya karye ko ya lanƙwashe narka shi za a yi, yau ka kawo yau ka karɓi kuɗinka. Dutse kuwa sai ya jira wanda ya sani kuma yake so.

Da na dawo gida shakka ta shiga, ɗan Yaya Babba da ke jami'a ya ce shi zai gwada, ya gani a YouTube. Ya huci dutsen, wai na gaske ba ya riƙe tururi, muka taru mu biyar muna huci kan zobe ɗaya babu wanda ya ga komai. Sai ya ce daimon ya fi komai tauri, lamba 10 ne a Mohs, ma'aunin taurin duwatsu, don haka zai yanka gilas. Kafin in ce tak ya ja shi a madubin Maman Ummi na kayan ɗakinta, ƙiiii, tun daga sama har ƙasa. Muka yi kabbara. Daga baya yaron nan ya ƙara karantawa ya ce ai wani dutse da ake kira moissanite shi ma yana yanka gilas, har ma na jabun da ake cika kasuwa da shi. Aka ƙara madubi a bayan kalanda.

Sai Kano. Wani ya haɗa ni da mai shagon da ke zuwa Dubai, shi yana da na'ura kamar biro, ya ɗora bakinta kan dutsen ta yi ƙara, ya sa ɗan madubin ido ya daɗe yana juyawa, ya ce na gaske ne, zai kai rabin karat. Na ce Allahu akbar, rabin karat giram nawa ke nan? Ya ce karat ɗaya giram 0.2 ne. Na yi lissafi a zuci, wato giram ɗaya a kasa shi goma a ba ni kashi ɗaya, shi na bar fili saboda shi. Ya ce ina takardarsa, irin ta GIA, cibiyar binciken duwatsu masu daraja ta Amurka, da ke faɗin nauyi da launi da tsabta da yanka. Na ce Hajiya ta rasu. Ya ce Allah ya jiƙanta, amma ba takarda sai yadda mai saye ya ga dama, ga shi yankan tsohon yayi ne, ga ɗan ɗigo a ciki, ga kuma babbar masifa, yanzu a masana'anta ake haɗa daimon a China da Indiya, sak na ƙasa, na'urarsa ma ba ta bambance su, farashi duk ya zube. Kuɗin da ya taya dutsen ko tayoyin motar Kawu ba za su saya ba. Ya ƙara da cewa tun 1947 kamfanin daimon na De Beers ke talla wai daimon har abada ne. Na ce ai na ga alama, tunda ba mai raba ni da shi.

Shi ya kawo shawarar canji, in bar zoben in ɗauki 'yan kunne da sarƙa ɗan Saudiyya in cika kuɗi. Na kira malam a waya don kada in shiga riba garin neman mafita, ya ce gwal da gwal sai nauyi ɗaya kuma hannu da hannu, ya kawo mini hadisin Fadala ɗan Ubaidu da ya sayi sarƙa mai gwal da duwatsu dinari 12 ranar Khaibara, Annabi (SAW) ya ce kada a sayar sai an rarrabe gwal da duwatsun. Ya ce in sayar da nawa in karɓi kuɗina, sannan in sayi wancan. To ai sayarwar ce matsalar tun farko. Kuma in cika da me, ni da kuɗin motar komawa Katsina kaɗai ya rage mini.

A mota ƙanwata ta kira tana kuka wai ta ji zan sayar da zoben da Hajiya ta yi ɗawafi da shi, ashe ba ni da imani. Na ce to ki saya ya zauna a gida. Ta ce sabis ba kyau.

Yanzu dai yana yatsan Maman Ummi, ta ce ta riƙe shi a madadin madubi. Ta sa shi ta je biki Daura makon jiya, mata suka yi ta kama hannunta suna ɗauka a waya, ta dawo ta ce an ce bai dace a sa daimon da 'yan kunnen roba ba, sai an nemo masa 'yan uwansa. Shi kuma mai shago ya daina ba ni bashi, wai mai daimon a gida ba ya cin bashin Maggi.