Ayar Yakubu 1:27 ta ce marayu da gwauraye, me ya sa ake karanta rabinta?

Tun da ƙasar Sin ta sanar a watan Satumban 2024 cewa ta daina bai wa 'yan ƙasashen waje yara su ɗauka a matsayin 'ya'yansu, in ban da dangi, ake ta jin kuka iri ɗaya daga wasu masu wa'azi da ƙungiyoyin Kirista. Wai an rufe wa marayu ƙofar ceto, don haka a ƙara tara baiko a gina gidajen marayu. Iyalan da suka yi nisa da cike takardu aka katse musu hanya sun cancanci tausayi, wannan babu musu. Amma masu kukan ba sa son a tambaye su dalilin da ya sa ƙofofin ke rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Guatemala ta rufe a 2008 bayan badaƙalar sayar da jarirai. Habasha ta rufe a 2018. A watan Maris na 2025 hukumar binciken gaskiya ta Koriya ta Kudu ta tabbatar cewa an yi ta rubuta yara a matsayin marayu alhali iyayensu na raye, don a samu saurin fitar da su waje. A Haiti ma, makonni kaɗan bayan girgizar ƙasar 2010, an kama Amurkawa 10 'yan ɗariƙar Baftis suna ƙoƙarin tsallaka iyaka da yara 33, daga baya aka gano mafi yawan yaran suna da iyaye.

Tushen ruɗun yana cikin kalmar maraya kanta. Idan aka hau mumbari aka ce akwai marayu miliyan 140 a duniya, mai sauraro yana hango yara miliyan 140 marasa kowa. Alƙaluman UNICEF ne na 2015, kuma a ma'anar hukumar duk yaron da ya rasa uwa ko uba maraya ne. Waɗanda suka rasa duka biyun kimanin miliyan 15 ne, su ma akasarinsu suna hannun kakanni da sauran dangi. A cikin gidajen marayun kuwa, ƙiyasin da ƙungiyoyin kare yara suka daɗe suna kawowa shi ne kusan 8 cikin kowane 10 suna da uwa ko uba a raye. Abin da ya kai su can talauci ne, ko kuɗin makaranta, ko naƙasa da iyayen suka rasa yadda za su yi da ita.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa ɓoye wannan ba. Yakubu 1:27, ayar da ake mannawa a kowace takardar neman taimako, ta haɗa marayu da gwauraye a numfashi ɗaya. Kalmar Ibrananci da Tsohon Alkawari ke kiran maraya da ita tana nufin yaron da ya rasa uba, shi ya sa kusan kullum take tafe da gwauruwa: gida ɗaya ne mai ciyar da shi ya mutu. A 2 Sarakuna 4, matar da mijinta ya rasu ta zo wa Elisha da kuka cewa mai bin bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu. Annabin bai ce ta kawo yaran makarantar annabawa a riƙe mata ba. Ya tambaye ta abin da take da shi a gida, aka yalwata ɗan man da ya rage, ya ce ta sayar ta biya bashi, ita da 'ya'yanta su rayu da sauran. Ayuba 24:9 kuwa ya lissafa fizge maraya daga nonon uwarsa cikin ayyukan mugaye. Ko riƙon da aka fi kafa hujja da shi, na Esta, ɗan'uwanta Mordekai ne ya ɗauke ta, 'yar baffansa ce, kuma sai da uwa da uba duka suka rasu.

Za a ce ai gidan marayu mai tsabta, mai abinci sau uku da addu'ar safe, ya fi gidan talauci. An gwada wannan zance a Romaniya, kuma bai tsaya ba. Daga shekarar 2000 masu bincike suka bi yara 136 da ke gidajen gwamnati a Bucharest, masu watanni 6 zuwa 31. Aka bar rabi a inda suke, aka kai rabi hannun iyalai masu riƙo da aka horar. Waɗanda suka shiga iyali sun fi sauran a kaifin basira da magana da shaƙuwa, kuma bambancin ya fi fitowa ga waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2. Dalilin a fili yake. Jariri yana koyon amincewa da mutane ne ta wurin mutum ɗaya da ke zuwa duk lokacin da ya yi kuka. A gidan marayu mai reno ɗaya na iya duba yara goma ko fiye, ta tashi aiki wata ta karɓa, bayan 'yan watanni ta ajiye aikin saboda ƙarancin albashi. Sai ga matasan coci sun zo aikin sa-kai na mako biyu, sun rungumi yaran, sun ɗauki hoto, sun tafi. Yaron da ke ruga wa kowane baƙo da gudu yana maƙale masa, wanda masu ziyara ke cewa ƙauna ce ta yi masa yawa, alama yake nunawa ta raunin shaƙuwa, kuma irinsa ne mai lalata da yara ke samu a sauƙaƙe.

Ga kuma abin da ba a son faɗa: gadon kwana a gidan marayu ba ya zama babu kowa. Muddin kuɗin mai bayarwa yana bin yawan kawuna, za a fita ƙauyuka neman yaran da za su cika ɗakuna. Har Ostireliya ta amince a 2018 cewa wannan safara nau'i ce ta bautar zamani.

Masu cewa Bulus ya koyar a Romawa 8 da Galatiyawa 4 da Afisawa 1 cewa Allah ya ɗauke mu 'ya'ya, don haka kowane Kirista ya ɗauki yaro, sun kama gaskiya ta wutsiya. Mu bayin zunubi ne aka fanshe mu, uwar da talauci ya kayar kuwa ba zunubi ba ce da za a ceci ɗanta daga gare ta. Abin da ya kamata a ɗauka daga Bulus shi ne ƙarshen maganarsa, cewa in ɗa ne to magaji ne. A nan ne Kiristoci masu riƙo da yawa ke faɗuwa.

Yaron da da gaske ba shi da kowa yana bukatar a ɗauke shi, kuma aikin yana da tsari. Da farko jami'an jin daɗin jama'a su bi sawun dangi, a rubuta wanda aka nema da inda aka je. In akwai uwa ko uba, amincewarsu ta zama a rubuce, bayan haihuwa, ba tare da ko sisi ya shiga hannunsu ba, kamar yadda Yarjejeniyar Hague ta 1993 kan ɗaukar yara tsakanin ƙasashe ta shardanta. Sannan a binciki gidan masu ɗauka: lafiya, abin hannu, tarihin laifi, da ra'ayin matar gida da 'ya'yan da ke ciki, domin yawancin riƙon da ke wargajewa daga cikin gida yake tsagewa. Sai zaman gwaji na wasu watanni ana kai ziyara, kafin kotu ta ba da oda. Wannan odar ce mutane ke tsallakewa, su ce ai fasto ya yi addu'a a gaban ikkilisiya. Ranar da mai riƙon ya mutu babu oda babu wasiyya, dangi za su raba dukiya, yaron ya koma maraya karo na biyu yana ɗan shekara 15. Kada a raba wa da ƙane. Kada a ɓoye wa yaro asalinsa, gara ya ji daga bakin masu riƙonsa tun yana ƙarami da ya ji a bakin maƙwabta ranar faɗa. Yaron da ya fito daga gidan marayu zai iya ɓoye abinci, ya yi fitsarin kwance, ya yi ƙarya marar dalili. Tsoro ne ke sa shi, kuma duka ko azumin korar aljanu ƙara masa tsoron suke yi.

Ikkilisiyar da ke da kuɗin gina ɗakin kwana mai gado 50 tana da kuɗin biya wa 'ya'yan gwaurayenta makaranta, ta bai wa kakar da ke riƙon jikoki tallafin wata-wata, ta biya lauya ga iyalan da ke neman odar kotu. Gidajen da aka riga aka gina a mayar da su makarantun jeka-ka-dawo da wuraren jinya na ɗan lokaci, a fara mayar da yaran da ke ciki ga danginsu a hankali, ana bibiya. Kafin dattawan coci su sa hannu a kan wani sabon gini, su fara karɓar jerin sunayen yaran da za a zuba a ciki, su tambayi inda uwar kowanne take.