Taron Washington na 1963 ba King ne ya kira shi ba

Da an ambaci taron baƙaƙen fatar Amurka na ranar 28 ga Agusta 1963 a Washington, sai a ɗauka Martin Luther King ne ya tara jama'a don su saurare shi. Ba haka abin yake ba. Shawarar ta A. Philip Randolph ce, shugaban ƙungiyar baƙaƙen ma'aikatan jirgin ƙasa, Bayard Rustin kuma, wani ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin baƙaƙen fata, shi ya tsara komai, har motocin da suka kwaso mutane. Sunan taron ma, wato Tattakin Washington don Ayyukan Yi da 'Yanci, ayyukan yi ya fara ambata kafin 'yanci. Mutum wajen 250,000 suka hallara, kuma cikin buƙatunsu akwai mafi ƙarancin albashi na dala 2 a awa, wanda yau ba kasafai ake tuna shi ba. King ɗaya ne cikin shugabanni goma da suka jagoranci taron.