Azurfar Baffa da Man Goge Baki

Akwai wani akwati na marigayi Baffa da aka yi ta kai ruwa rana a kansa wajen rabon gado. To ni abin da ya faɗo rabona tsabar azurfa ce guda ɗaya, ta yi baƙi ƙirin, gefe ɗaya wata mata mai kumatu, ɗaya gefen gaggafa mai kai biyu, ga 1780 raɗau a jiki. Daren nan ban yi barci ba. Na samu tsohon buroshi da man goge baki na dirje ta har tana ɗaukar ido, gari na wayewa sai wajen mai kimanta tsoffin kuɗi. Mijin Yaya ya maƙale min, wai zai taya ni ciniki.

Dattijon ba shi da hayaniya. Ya ɗora ta a sikeli, giram 28. Ya kanga mata maganaɗisu, ko gezau. Ya aza ta a kan yatsa ya ɗan ƙwanƙwasa, ta yi wata doguwar ƙara mai daɗi.

"Azurfa ce, Malam. Kashi 83 cikin ɗari."

Na gyara zama, har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na ce, "Alhaji, ka dai ga shekarar ko?"

Bai ce komai ba. Ya jawo durowa, ya dumbuzo wasu ya zube a gabana. Na ɗauki ɗaya, 1780. Na ɗauki wata, 1780. Wata sabuwa fil, ita ma 1780. A hankali na sauke ƙafata.

Ya ce wai Mariya Teresa ce, sarauniyar Ostiriya. A 1780 ta rasu, kuma duk wadda aka buga bayan nan wannan shekarar ake sa mata, don 'yan kasuwar Habasha da ƙasashen Larabawa ita suka sani, ita suka yarda da ita. An buga a Landan, an buga a Rum, an buga a Bombay, a Biyana, babban birnin Ostiriya, ma har gobe bugawa ake yi.

Da ma a nan aka tsaya. Sai ya sa gilashin nan a ido ɗaya, ya daɗe yana juya ta.

"Wa ya goge ta?"

Na ce, "Haka muka same ta, ranka ya daɗe."

Bawan Allah ya kai ta hanci ya shinshina. Ya sake shinshinawa. "Ikon Allah. Tun zamanin Baffanku take ƙamshin na'a-na'a?"

Wai baƙin nan da na kankare shi masu tarawa ke nema, buroshi kuma ya bar mata zane-zane, yanzu sai dai a saye ta a nauyin azurfarta.

Mijin Yaya kuwa, dariya har da dukan teburin mutane, tsabobi na tsalle. Mutumin da a mota yake tambayata kashi nawa zan ba shi! Shi ne fa ya ce da ma da toka na haɗa, ta fi fitar da haske. Kafin mu iso gida ya kira Yaya, ya kira Kawu, har da kwaikwayon yadda dattijon ya shinshina, alhali ba haka ya yi ba sam, shi ya ƙara masa da lumshe ido. Kuma wannan mutumin tun bara cajata take wajensa, kullum sai ya ce tana ɗaya motar. Mota ɗaya gare shi, kowa ya sani.