Taurin ƙari da batun narkar da shi

Duk lokacin da aka tallata maganin da wai yana narkar da ƙari a mama ko a hanta, tambayar da ya kamata mu yi ita ce: me ake narkarwa? Taurin da hannu ke ji ba na ƙwayoyin cutar kansa ba ne. Yawancinsa na zarurrukan furotin ne da ke kewaye da su, musamman kolajin, wanda shi kaɗai ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na furotin ɗin jikin mutum. Tare da shi akwai laminin da fibronektin. Idan ƙwayoyin halitta tubali ne, waɗannan su ne kwaɓin da ke riƙe ginin.

A ƙarƙashin ƙwayoyin da suka jeru a bututun nono akwai wata siririyar shimfiɗa ta laminin da kolajin nau'i na 4. Muddin kansa ba ta huda ta ba, tana nan a inda ta tsiro, ba ta da hanyar shiga jini ko kaluluwa, kuma sama da kashi 95 na matan da aka yi wa aiki a wannan mataki cutar ba ta kashe su. Ko ta huda shimfiɗar ko ba ta huda ba, abin da likitan ɗakin gwaji ke nema ke nan idan aka kai masa ɗan naman da aka yanko. Ƙwayar kansa tana huda shimfiɗar da wasu sinadarai masu yanka furotin da ake kira MMP, waɗanda sun haura iri 20 a jikinmu. Da ta fita, sai ta zuga ƙwayoyin da ke saƙa kolajin su yi ta zubawa ba ƙaƙƙautawa. Wani sinadari mai suna LOX ya ɗaure zarurrukan da juna, nama ya sandare. Ita kuma ƙwayar kansar tana jin taurin ta wasu maƙalai da ke fatarta, integirin, sai ta ƙara saurin rabuwa. Zarurrukan da a da suke a lanƙwashe sukan miƙe su fuskanci waje, ta bi su ta fice. Rukunin Valerie Weaver a Amurka ya nuna a 2009 cewa toshe LOX a ɓeraye yana rage taurin, yana jinkirta cutar.

To, ai sai a ce a rushe wannan saƙa kowa ya huta. An gwada, kuma da kuɗi masu yawa. Marimastat, wani magani da ke toshe MMP, an ba masu kansa iri-iri a ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000. Bai tsawaita rai ba, sai ciwon gaɓoɓi da na jijiyoyi da ya jawo, domin ya toshe har da sinadaran da jiki ke gyaran namansa da su. Kansar fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ta fi ba da mamaki. A nan saƙar takan fi ƙwayoyin kansa yawa nesa ba kusa ba, tana matse jijiyoyin jini har maganin da aka ɗura ya kasa isa ciki. Aka fito da wani magani mai suna PEGPH20 don ya narkar da hayaluronan, wani dogon sukari mai shan ruwa da ke kumbura wurin. Babban gwajin da aka sanar a Nuwamban 2019 ya nuna, a tsaka-tsaki, waɗanda suka karɓa sun rayu wata 11.2, waɗanda ba su karɓa ba wata 11.5. Tun a 2014 ma bincike biyu a ɓeraye sun nuna cewa kwashe ƙwayoyin da ke saƙar yana sa kansar ta ƙara zafi, dabbar ta mutu da wuri. Ashe saƙar da ke hana magani shiga tana kuma tsare cutar daga bazuwa. Don haka ƙari ya yi laushi ba shaidar warkewa ba ce. Wani lokaci ma tsakiyarsa ce ta ruɓe.

A ganina, inda wannan ilimi ya fi yi mana amfani shi ne hanta, saboda yawan ciwon hanta nau'in B a ƙasar Hausa. Shekara da shekaru ƙwayar cutar tana kumbura hanta, jiki yana cike gurbin da kolajin, har hanta ta ƙanƙance ta yi tauri. Mafi yawan kansar hanta a irin wannan tabo take tsirowa, ko da yake nau'in B yakan haifar da ita tun tabo bai kai ko'ina ba, balle in an haɗa da gubar aflatoksin ta gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Ana auna taurin da na'urar FibroScan cikin 'yan mintuna: lafiyayyar hanta ba ta cika wuce kilofaskal 7 ba, sama da 12.5 kuwa alamar ta ƙanƙance. Nan kam saƙar tana warwarewa, amma ta hanyar danne ƙwayar cutar. A binciken da aka buga a 2013, cikin mutum 96 masu ƙanƙantacciyar hanta da suka sha maganin tenofovir shekara 5, an duba namansu an ga tabon ya ja baya a 71 daga cikinsu. Wanda hantarsa ta riga ta kai wannan matsayi, hoton ciki duk wata 6 don gano kansa da wuri ya zama dole ko da yana shan magani. Jariri kuma a yi masa allurar farko ta rigakafin nau'in B cikin awa 24 da haihuwa, kada a jira sai bayan suna.